Garejin da ya raba ni da dutse: gyaran burkin hannun tsohuwar Hilux a Tahoua

Shekara uku ina yawo da dutse a bayan mota. Wani baƙin dutse ne mai faɗin gindi da na tsinto a hanyar Keita, nauyinsa zai kai na tiya uku ta gero. Shi ne burkin hannuna. Duk inda na tsaya, ɗan ƙanwata da ke bina a mota zai diro da gudu, ya ɗauko shi ya cusa ƙarƙashin tayar baya, sannan in ɗage ƙafata daga burki. Mun saba har ba ma magana a kai. In na ce "yaro", ya san abin da nake nufi.

Motar Toyota Hilux ce ƙirar 1994, mai shan gazuwal, inji 2.8, irin mai ja da taya huɗu ɗin nan da ba ta jin tsoron yashi. Aikinta jigilar albasa daga Tamaske da Keita zuwa Tahoua, wani lokaci har Ƙonni, ranar Lahadi kuma ta kwaso mutane da awakinsu zuwa kasuwa. Mariƙin burkin hannunta ba a tsakanin kujeru yake ba kamar na motocin yanzu. Yana ƙarƙashin allon gaba, kusa da sitiyari, ka jawo shi wajenka yana ƙaras-ƙaras, in za ka saki ka murɗa ka tura. Nawa kuwa ko ka jawo shi har ya taɓa gwiwarka, babu abin da yake riƙewa. Ƙarshe ma jakar goro nake ratayewa a kai.

Abin da ya kai ni gareji ya faru ne cikin watan Afrilu, tsakiyar kakar albasa. Mun yi lodin buhu 12 a wani lambu da ke bayan Tamaske, wurin da ɗan gangare. Na sa giya ta ɗaya, na kashe inji, yaro ya cusa dutse, na sauka ina ƙirga wa mai lambu kuɗinsa. Sai na ji wani sauti a bayana, ɗak, shiru, ɗak, shiru. Tsohon inji ne yake sakin mota kaɗan-kaɗan, don ƙarfin matsarsa ya ragu, ba ya iya riƙe irin wannan nauyi. Dutsen kuwa a kan yashi mai laushi aka ɗora shi, taya ta tura shi ya nutse, ta haye ta wuce. Yaron yana bisa kaya yana ɗaurin igiya, sai ihunsa na ji: "Kawu! Kawu, tana tahiya!" Kafin in kai ƙofa ta ci darni, ta bi ta kan injin ban ruwa na mai lambu, ta tsaya da tayar hagu cikin kwalbatin ruwa. A daidai wurin injin nan yara uku suke zaune suna ɓare mangwaro lokacin da muka iso. Uwarsu ta kira su ba a fi minti goma ba. Jikka 45, wato sefa dubu 45, na biya na gyaran inji da ban haƙuri, kuma ban yi ciniki ba ko na dala.

Duk da haka sai da rowa ta fara kai ni wurin araha. Wani yaro mai gyara a bakin hanya ya shiga ƙarƙashin motar da kile biyu, wato sifana, ya ɗaure notin wayar burkin hannu har ƙarshen zarensa, ya fito yana kakkaɓe riga ya ce an gama, jikka 2. Na ja mariƙi na ji ya yi tauri, na ji daɗi. Ban yi tafiyar kilomita 20 ba na fara jin ƙauri. Na tsaya, na yayyafa ruwan buta a tambur na dama, wato gangar burkin tayar baya, ya yi cuuu kamar an tsoma ƙarfen maƙeri. Na hagu kuwa sanyi ƙalau. Gefe ɗaya ya kama ya ƙi saki, ɗayan bai ma san ana yi ba. A nan bakin hanya na kwanta da kaina na sassauta notin, na koma ga dutsena.

Wani direban motar kasuwa da muke shan shayi tare a tasha ne ya kwatanta mini garejin da nake son ba da labarinsa. Yana gefen hanyar da ta fita zuwa Ƙonni, ba shi da allo, ba shi da suna. Fili ne da katangar laka, bedi guda biyu, rumfar kwano, rami ɗaya na siminti, sai gawarwakin Hilux da Land Cruiser jere a jikin bango. Mai wurin dattijo ne siriri, gemunsa ya yi fari, tabarau ɗaure da zare a wuya. Kowa Baba yake ce masa, ni ma na bi sahu. Shi kuma ya ce mini Alhaji, ko da yake ban je Makka ba tukuna. A gareji duk mai mota Alhaji ne.

Na ce, "Baba, wayar burkin hannu nake so a canza, nawa ne?"

Ya ce, "Alhaji, zamna ka sha shayi. Ban iya yi maka kuɗɗin abin da ban gani ba."

Wannan amsa ta ɓata mini rai a lokacin, don na ɗauka salon tatsa ne. Daga baya na gane ita ce mafi gaskiyar magana da wani makanike ya taɓa gaya mini.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda suka ɗaga motar. Kirik, wato jak, ɗagawa kawai ya yi. Sai da suka jera tsofaffin ƙafafun taya da kauraran katako ƙarƙashin pon, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, suka tare tayoyin gaba, Baba ya zo ya girgiza motar da kafaɗa, sannan ya yarda yaro ya shiga. Na sha ganin inda ake barin mota tan guda da rabi bisa kirik ɗaya, ɗan mutum yana kwance a ƙasa.

Tambur ya ƙi fita. Shekaru sun haɗa shi da mazauninsa kamar an yi walda. Wani yaro ya ɗauko guduma babba, Baba ya daka masa tsawa. Ya shiga ɗakinsa ya fito da ƙusoshi biyu masu zare, ya nuna mini wasu ƙananan ramuka biyu a fuskar tambur da ban taɓa lura da su ba duk shekarun nan. Ya ɗaura ƙusoshin a ciki, ya murɗa wannan zagaye ɗaya, ya murɗa wancan zagaye ɗaya, yana ɗan ƙwanƙwasa gefe da ƙaramar guduma. Can sai muka ji ƙas, tambur ya taso da kansa. Da ya fito, ƙura baƙa ta zubo, yaron ya sunkuya zai hura da baki. Baba ya kama ƙeyarsa. "Wagga ƙura ba a shaƙa tai. In ta shiga huhu ba ta hita." Da tsumma jiƙaƙƙe suka goge.

A nan ne na ga abin da shekara uku na sakaci suka tara. Wayar kanta, wato kabul, da aka zaro ta, kubenta ya tsage a wurare biyu inda yake gogar ƙarfen mota, robobin da ke rufe bakinsa sun ruɓe tuni. Baba ya yanka kuben da zarto ya buɗe mini: ciki laka ce busasshiya da tsatsa, silin wayar rabinsu sun tsinke sun tashi kamar gashin bushiya. Ya ce kowace damina da nake faɗawa korama da ita, ruwa da yashi suna shiga, rani ya zo su daskare. Amma waya ba ita kaɗai ba ce. A bayan farantin da ke riƙe burki akwai wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa wanda waya take ja, shi kuma ya ja na ciki. Na hagu ya daskare ɗungurungum, ko da guduma ba ya motsi. Na dama yana tafiya amma ba ya dawowa. Ga dalilin da tambur ɗaya ya yi zafi ɗaya ya yi sanyi. Sannan a gefen hagu robar da ke tare man pon ta mutu, mai ya tsiyayo ya jiƙe takalman burki, waɗanda makanikai ke kira ferodo, sun yi baƙi suna sheƙi. Ko sabuwar waya ta zinariya aka sa, takalmin da ya sha mai ba zai kama ba.

Sai ya tambaye ni ko burkin ƙafata yana yin ƙasa sosai kafin ya kama. Na ce ƙwarai, har sai na taka sau biyu. Ya nuna mini wata ƴar tauraruwar ƙarfe mai haƙora tsakanin takalman. A irin wannan mota, duk lokacin da ka ja burkin hannu, wani ɗan harshe yana tura haƙoran nan, takalman su matso kusa da tambur gwargwadon cinyewar da suka yi. Wanda ya daina jan burkin hannu ya daina saita burkinsa na baya ke nan bai sani ba. Shekara uku ina zargin man burki, ina ƙara shi, ashe ni na jawo. Ya kuma tuna mini abin da na sani amma na yi biris da shi: burkin ƙafa da mai yake aiki, na hannu kuwa waya ce zalla. Ranar da bututun mai ya fashe kana gangarowa daga tsaunukan Adar da kaya, wayar nan ita ce abin da ya rage maka.

Zancen kayan gyara shi ne inda abin ya fara tsami. Mai sayar da kayan mota da suke hulɗa da shi ya aiko da waya iri biyu a kabu-kabu. Ta farko sabuwa fil cikin leda mai rubutu, jikka 7. Baba ya juya ta, ya lanƙwasa kuben ya ga ya karye bai dawo ba, ya kama dunƙulen ƙarfen da ke bakinta da filaya ya murɗa, sai ga shi yana juyawa a kan wayar. Ya mayar cikin leda bai ce komai ba. Ta biyu ta kwance ce daga wata matacciyar mota, ta asali, jikka 10, amma robobinta sun tsage, kuma in ka ja ta kana jin yashi yana ƙara a ciki. Ya ce wannan za ta yi mini damina ɗaya. In ina son mai kyau sai an aiko daga Yamai, kwana biyu. Na yarda.

Kwana biyu suka zama biyar, kuma laifin garejin ne, ba na kowa ba. Babban yaron Baba ya yi odar ta waya da baki, "kabul na Hilux tsohuwa", shi ke nan. Da kayan suka iso a motar fasinja, wayar baya ta gaza da kusan taƙi guda, bakinta ma ba iri ɗaya ba ne. Ta ƙaramar Hilux ce mai ja da taya biyu. Motocin nan suna kama da juna a ido, amma tsawon waya da yadda take bi ƙarƙashi sun bambanta. Sai a karo na biyu aka yi abin da ya kamata tun farko: aka ɗauki hoton farantin da ke ɗauke da lambar shasi, aka shimfiɗa tsohuwar wayar a ƙasa aka auna ta, aka tura duka ta WhatsApp. Kuɗin mayarwa da na sake aikowa kuwa a kaina aka ɗora rabinsu. A tsakiyar kakar albasa kwana uku ba wasa ba ne, lodi biyu suka wuce ni, wani ya ɗauka. Abin da ya ƙara mini haushi, Baba ba ya ɗaukar waya. Tana cikin aljihun rigar da ya rataye a ƙusa tun safe. In kana son labarin motarka sai ka hau kabu-kabu ka je da ƙafarka. Sau huɗu na je.

Amma ranar da kayan suka cika, na zauna na kalli aiki tun daga hantsi har la'asar, kuma ban ga inda aka yi ha'inci ba. Ƙarafan nan biyu da suka daskare ba a jefar da su ba. An kwance su, an jiƙa su cikin gazuwal tun kwanan farko, aka fitar da fil ɗinsu, aka goge da takardar yashi har suka yi fari, aka shafa giris ɗan kaɗan. Na ce a ƙara giris ɗin mana, a kuma ɗura baƙin mai cikin kuben sabuwar wayar kamar yadda na ga ana yi. Baba ya ce a ƙasar yashi, mai da yawa gayyatar ƙasa ne. Sabuwar waya tana da santsinta a ciki, abin da take so kawai robobin bakinta su zauna daram. Canza robar pon ya sa sai da aka zaro sandar tayar hagu gaba ɗaya, aka kwance bututun mai, don haka daga baya aka yi fitar da iska: yaro ɗaya a kujerata yana taka burki, Baba a ƙasa da kwalba yana kira, "Taka. Taka. Riƙe! Saki." Takalma kuwa gefe biyu aka canza duk da na dama suna da sauran rai, don kada wani gefe ya fi wani kamu.

Wayar gaba, wadda ta taso daga mariƙi ta ratsa ƙasan mota, ita ta fi ba su wahala, don sai da ƙaramin yaronsu ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a kan kujera. Sawun ƙafar nan da tafin hannu na baƙin mai suna nan a kujerata har yau, babu wanda ya yi tunanin shimfiɗa buhu. Wani maƙalin ƙarfe da ke riƙe waya a jikin shasi ya karye wajen kwancewa, aka ɗaure wurin da wayar ƙarfe da guntun tiyo don kada ya goga. Baba ya nuna mini da kansa, bai ɓoye ba, ya ce in an samu na kwance zai sa. Ina jira.

Saitin shi ne abin da yaron bakin hanya bai sani ba. Baba bai taɓa notin waya ba sai da ya gama da takalma. Ya mayar da tambur, ya murɗa tauraruwar nan ta wata ƴar taga a bayan faranti har taya ta fara gogawa, ya sassauta kaɗan, ya yi haka gefe biyu. Sannan ya koma kan notin. Yana ɗaurewa, yana aika yaro ya ja mariƙi yana ƙirga ƙarar da babbar murya, shi kuma yana zagayawa yana juya tayoyi da hannu, ya ga sun kama tare, sun kuma saki tare. Sun yi wannan zagaye ya fi sau shida. Ni har na gaji da kallo na tafi sallar la'asar na dawo suna yi.

Gwajin ya ba ni dariya. Aka loda wani mataccen inji a baya, yaran gareji biyar suka hau, muka tafi wani gangare a bayan gari. Baba ya ce in tsaya hancin mota sama, in cire giya, in ja mariƙi, in ɗage ƙafa. Wallahi ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Shekara uku ta saba. Ɗan ƙanwata ma har ya diro da dutsensa, Baba ya ce, "Aje shi, ɗana." Na ɗage a hankali. Mota ta ɗan zauna a kan bayanta, ta yi ƙiiƙ, ta tsaya cak. Ya sa yaran suka yi ta tsalle a ciki. Ba ta motsa ba. Muka juya hanci ƙasa, haka nan.

Lissafin da na biya: wayar baya jikka 28, ta gaba 15, takalma 14, robar pon 6, man pon da man burki 6, kuɗin aike 4, ladan aiki 15. Jikka 88 ke nan. Babu takardar shaida, a bayan kwalin shayi babban yaron ya rubuta, kuma sai da na nema. Kuɗi ne masu yawa a kan motar da ta haura shekara 30, ba na musu. Ladan aikin kam bai yi tsada ba in aka dubi yinin da aka yi da kwanakin da ƙarafa suka sha jiƙo. Tsofaffin kayan duka an zuba mini su a buhu an sa a bayan mota, ban tambaya ba.

Da zan tafi ya ce in dawo bayan mako uku, don sabuwar waya tana ɗan miƙewa, sababbin takalma kuma suna zama. Haka aka yi, mariƙin ya ƙara tsawo da ƙara uku. Na koma, ya shiga rami, minti goma, bai karɓi ko dala ba. Burkin ƙafa yanzu taku ɗaya yake kamawa, tun daga sama. Ya kuma ja mini kunne a kan damina: in na ratsa korama da yamma, kada in ja burkin hannu in bar mota ta kwana a haka, takalma jiƙaƙƙu suna iya mannewa da tambur kafin safe. In ɗan taka burki ina tafiya har su bushe, ko in tsaya a wuri mai daidai in sa giya.

Mai gaggawa kada ya je wurin Baba, za su ɓata. Mai sabuwar mota da sai an jona mata kwamfuta ma ba wurinsa ba ne, shi da kansa zai ce maka ka wuce gaba. Amma mai tsohuwar Hilux ko Land Cruiser da ke son a buɗe a nuna masa ciwon da idonsa, ya je, ya tafi da hoton lambar shasinsa a waya, ya tsaya a kai har a tura wa mai kaya a gabansa, ya kuma shimfiɗa buhu a kujera da hannunsa. Da safe ake samunsa, kafin rana ta cinye inuwar bedin.

Saura ƴar fitilar nan ja ta allon gaba da ya kamata ta kama in an ja mariƙi. Har yanzu ba ta kamawa. Baba ya ce wannan aikin mai lantarki ne, akwai wani a bayan tasha, in je in ce shi ya aiko ni. Ban je ba tukuna, sai albasar da ke rumbu ta fita.